Yaɓen Bana Ba Ya Isar Baɗi

A daminar 2024, cikin wani dare na watan Agusta, bangon gabas na ɗakin mahaifiyarmu ya zube. Allah ya kiyaye, ba ta ciki. Tun da magariba ta ga ƙasa na zubowa kaɗan-kaɗan daga gindin bangon, sai ta naɗe tabarmarta, ta kwashi jikokinta biyu ta koma zaure. Wajen ƙarfe uku na dare suka ji ƙara kamar an kifar da amalanken gero. Da gari ya waye, gadonta na ƙarƙashin laka.

Ni ina Damagaram, inda nake koyarwa, tafiyar sa'a biyu daga ƙauyenmu. Yayana kuwa yana Kwatano wajen kasuwanci. Kafin in isa gida har ya kira ni sau uku, kuma maganarsa ɗaya ce: a rushe gidan gaba ɗaya, a yi na bulo da siminti, a rufa da kwano, shi zai biya. Na ce masa, "Yaya, gidan kakanmu ne fa. Mu dai gyara." Ya yi shiru, can ya ce, "Kai a wane irin gida kake kwana?" Ban amsa ba, don ya san amsar. Gidan da nake haya na siminti ne, kowane ɗaki da fankarsa.

Tambayar nan ta daɗe tana cina, ita ce kuma ta sa na ɗauki alƙalami. Wane gini ne ya cancanci a ce da shi mai ƙarko: wanda aka gama aka wanke hannu, ko wanda kowace shekara sai an koma masa? Sannan a bayanta akwai wata da ta fi ta nauyi. Mutumin da ke kwana ƙarƙashin fanka, yana da bakin da zai ce wa tsohuwa ta zauna cikin laka don kada a rasa gado?

Bari in fara da gidan kansa. Kakanmu ya gina shi da tubali, irin wanda ake curawa da hannu a shanya a rana. Ƙasar daga bayan gari aka haƙo ta, ramin da aka bari shi ya zama kududdufin da ruwan unguwa ke gangarawa. An kwaɓa ta da ciyawa da kashin dabbobi, aka bar ta kwanaki ta tsima kafin a fara ɗorawa. Daga gindi kaurin bangon ya kusa kamu biyu, yana hawa yana sirancewa. Rufin na azarar giginya ne, wadda gara ba ta cika damunta ba. Aka shimfiɗa zana a kai, aka zuba ƙasa aka daɓe, aka fitar da indararo. Daga waje kuma aka shafe bango da makuba, wadda ake samu daga ɓawon ɗorawa, don ruwa ya riƙa zamewa.

Amma in siffa ake nufi, gidan da na tashi a ciki ba shi ne kakanmu ya gina ba. Da mahaifinmu ya ƙara aure, aka tsaga ɗaki ta arewa. Da kakarmu ta rasu, aka bar ɗakinta har rufin ya faɗa, daga baya aka kwaɓa ƙasarsa aka ƙara wa katanga tsawo da ita. A ƙasarmu hadari daga gabas yake tasowa, saboda haka bangon gabas shi ke shan duka, shi kuma ake ninka wa yaɓe, har ya fi sauran kauri. Wata shekara da ruwa ya yi yawa, Baba ya canja indararo ya sa masu tsawo, don kada su riƙa zuba a gindin bango. Tagar da ke fuskantar iskar hunturu aka toshe ta, aka huda wata ta kudu. Ban taɓa jin an ce an gama ginin gidanmu ba.

Kowace shekara kafin ruwan farko, Baba kan hau rufi ba takalmi, yana takawa a hankali, tafin ƙafarsa na gaya masa inda ƙasa ta yi laushi. Sai a sa ranar yaɓe. Samarin unguwa su shiga cikin laka suna tattakawa, mata na ɗebo ruwa, mu yara muna cura laka muna jefa wa na sama. Ladan aikin fura ce da goro, da sanin cewa jibi gidan wani za a je. Mutanen gidan ma tare da shekara suke juyawa. Da bazara a kwana a tsakar gida, da rana a fake cikin soro, domin bango mai kauri yana shanye zafin rana a hankali, ba ya sakinsa ciki sai dare ya yi. Da hunturu kuwa wannan ɗumin da ya tara shi ke hana tsofaffi rawar ɗari.

A takardun hukuma da bakin ma'aikata, da Faransanci, siminti da ƙarfe su ake kira kayan gini na dindindin, laka kuwa a jefa ta cikin na wucin gadi. Duk lokacin da na ji haka sai in tuna hasumiyar masallacin Agadas. An kafa masallacin wajen 1515, aka sake gina shi a 1844, hasumiyar kuma tsawonta mita 27, duk ta laka. Itatuwan nan da suka fito daga jikinta kamar ƙaya, a kansu magina ke takawa in za a yi mata yaɓe. Wato tun ranar da aka gina ta an san za ta nemi hannu, aka bar wa hannun matakala. A 2013 UNESCO ta sa tsohon garin Agadas cikin kayan tarihi na duniya. A Jenne ta ƙasar Mali ma haka ne: babban masallacin da ke tsaye yanzu ginin 1907 ne, kowace shekara kuma gari kan fito kwansa da kwarkwatarsa, a kwaso laka a sake masa riga.

Na kusa da mu shi ne masallacin Yama, cikin jihar Tawa. Falke Barmu, manomi kuma magini, ya fara shi a 1962 a matsayin gini mai sauƙi. A 1975 da rufin ya nemi gyara, bai mayar da shi yadda yake ba, sai ya ɗora shi kan baka ya yi masa tulluwa a tsakiya. Tsakanin 1978 da 1982 ya ƙara hasumiyoyi huɗu a kusurwoyi, ba wadda ta yi kama da ƴar'uwarta. A 1986 masallacin ya sami kyautar Aga Khan ta gine-gine. Abin lura a nan, lalacewar rufi ce ta buɗe ƙofar wannan kyau. Da an yi shi yadda ba zai taɓa neman gyara ba, da yana nan yadda aka bar shi a 1962.

Saboda haka na ga ƙarko iri biyu ne. Akwai na dutse, wanda ke daɗewa don ba ruwansa da kowa. Akwai kuma na rijiya, wadda ke daɗewa muddin ana yasarta, in aka bar ta ta cike. Yawancin abubuwan da rayuwar ɗan Adam ta rataya a kansu irin na biyun ne: gona, aure, zumunci, karatun da aka hardace. Ba ɗaya cikinsu da ake gamawa a ajiye. Ginin laka ya yarda shi ɗan wannan dangi ne, bai ɓoye rauninsa ba. In ya tsage kowa zai gani, yaro ma zai iya cusa masa laka.

Da a nan na tsaya, da na ci gardama a takarda, na bar Inna cikin hatsari. Yaya yana da hujjoji, kuma ba na wasa ba ne.

Na farko, ruwan ya canja. Iyayenmu sun ga farin 1973 da na 1984, hankalinsu duk yana kan ƙarancin ruwa. Yau kuwa ruwan da a da kan sauka cikin mako uku, sai ya zubo cikin dare ɗaya. Wani bincike da aka buga a mujallar Nature a 2017 ya nuna cewa manyan hadura masu tsanani a yankin Sahel sun ninka sau uku tun daga 1982. A daminar 2024 ambaliya ta kashe sama da mutum 300 a Nijar, ta shafi fiye da miliyan ɗaya, da yawa kuma rugujewar gidaje ce ta yi ajalinsu. A farkon Satumba na shekarar, tsohon masallacin unguwar Birni a nan Damagaram, wanda ke tsaye tun tsakiyar ƙarni na 19, ya rushe muna ji muna gani. Shekara guda kafin nan, a Agustan 2023, wani ɓangare na masallacin Juma'a na Zariya ya rufta kan masallata, aka rasa rayuka. Dabarar da kakanni suka bari an auna ta ne da ruwan zamaninsu.

Na biyu, gayya ta mutu, ko tana gargara. Samarin da ke tattaka laka suna Libiya, suna Aljeriya, suna wuraren haƙar zinariya a arewa. Wanda ya rage kuɗi yake so, kuma da gaskiyarsa. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, balle ya yaɓe soro. Giginya ta yi wuya, azara ta yi tsada, ɗorawar da ake samun makuba ma ta ja baya. Ginin da ke rayuwa da hannun jama'a, in jama'ar ta watse, ya zama tarko ga tsofaffin da aka bari a ciki.

Na uku shi ne wanda ya fi yi mini zafi. Mu ƴan boko muna son ganin gidan laka a hoto, muna son kai baƙi su gani. Amma wadda ke tashi tsakar dare tana tara kwanoni ƙarƙashin yoyo, ba wanda ya tambaye ta ko ta yarda ta zama mai gadin kayan tarihi. In na ce a bar gidan don sunan kakanmu, ni na sami abin alfahari, ita ta biya da barcinta. Wannan zalunci ne, ko da an yi shi da harshe mai daɗi. Na yarda da Yaya a nan ba tare da ja ba: ran Inna ya fi kowane bango.

Sai dai yarda da ciwo daban, yarda da magani daban. Na san irin gidan da kuɗin Yaya za su iya yi, domin ƙauyenmu cike yake da su. Bulo ne da aka cika wa yashi don buhu ɗaya ya haifi da yawa, bango siriri, kwano a kai ba silin. A watan Afrilu, lokacin da zafi ke haura digiri 40, ɗakin kan zama tanda tun hantsi, ba kuma wutar da za ta juya fanka. Mai hawan jini kamar Inna, wannan ma hatsari ne, sai dai shi ba ya ƙara in zai yi kisa, ba a kuma ƙirga shi a rediyo. In iska ta ɗage kwano, ko bango ya tsage, ba mai iya gyarawa da abin da ke bayan gida, sai an jira kuɗi daga Kwatano. Ga wani abin takaici kuma: masana sun ce sarrafa siminti na fitar da kusan kashi 8 cikin 100 na hayaƙin da ke ɗumama duniya. Abin da muke gudu gare shi yana cikin masu hura wutar da ta kore mu.

Da na rasa ta cewa, sai na je wajen wani tsohon magini da ya yi aiki da mahaifinmu. Ya zo da sandarsa, bai ko dubi rufin ba. Ya zagaya bayan ɗakin, ya tsuguna, ya tona gindin bangon da ya saura, ya damƙo ƙasa ya matse, ruwa ya fito. Ya ce, "Ɗana, ruwan sama bai kayar da bangon nan ba. Daga ƙafa ya mutu."

Ya nuna mini abu uku. Kududdufin da kakanmu ya haƙa an cike shi an yanka filaye, ruwan unguwa ya rasa mazauni. Maƙwabcinmu na gabas ya yi ginin siminti, ya ɗaga dandamalinsa sama da lungu, duk ruwan kwanonsa a bayan ɗakin Inna yake sauka ya kwana. Na uku kuma aikina ne. Shekara huɗu da suka wuce na sa aka shafe bangon da siminti daga waje, wai don a huta da yaɓe. Tsohon ya ɓamɓaro wani ɓangare ya nuna mini bayansa. Laka tana shan danshi tana fitarwa, siminti kuwa ya toshe mata hanya. Ruwa ya shiga ta tsaga ya rasa mafita, bangon ya ruɓe a ɓoye, daga waje yana sumul. Ya tambaye ni, "Rabonka da hawa rufin nan shekara nawa?" Na ce tun rasuwar Baba. Kuɗi nake aikowa. Ya ce, "Kuɗi ba su da tafin ƙafa."

A ranar na gane cewa gardamata da Yaya ba ta kai gindin magana ba. Shi yana son siminti don a huta. Ni ma da na shafa wa laka siminti, hutun nake nema. Dukanmu biyu abu ɗaya muke so mu saya: gidan da zai riƙe mana uwa ba tare da mun zo ba. Maƙwabcinmu ma bai yi niyyar cuta ba, ya tsare nasa ne kawai, bai tambayi inda ruwan zai nufa ba. Ruwa kuwa dole ya nufi wani wuri. Duk wanda ya kare gidansa shi kaɗai, ya aika da rabonsa na ambaliya gidan wanda ya fi shi rauni. Haka yake tsakanin gida da gida, haka yake tsakanin ƙasashe masu masana'antu da irin namu.

To me ake nufi da gini mai bin zamani? A ganina amanar da kakanni suka bar mana ba laka ba ce. Sun yi da laka don ita ce a gabansu. Abin da suka bari shi ne ɗabi'ar dubawa: a kalli inda hadari ke fitowa, a ga abin da daminar bara ta yi, a canja. Wanda ya ce sai an yi komai yadda kaka ya yi, alhali ruwan kaka ba shi ne namu ba, ya saɓa wa kakan, domin shi kakan mai canjawa ne.

Akwai masu wannan tunani a yau, kuma aikinsu na tsaye ana gani. Francis Kéré, ɗan Burkina Faso, ya gina makaranta a ƙauyensu Gando a 2001 da tubalin ƙasa da aka ƙarfafa da ɗan siminti. Ya sa kwano, amma ya ɗaga shi sama da silin na ƙasa, iska na ratsawa tsakani, bakin kwanon kuma ya fito sosai yana kare bango daga ruwa. Mutanen ƙauyen ne suka yi aikin da hannunsu. A 2022 ya zama ɗan Afirka na farko da ya sami kyautar Pritzker. A Dandaji ta jihar Tawa, Mariam Kamara da abokiyar aikinta Yasaman Esmaili sun tarar ana shirin rabuwa da tsohon masallacin laka. Suka gyara shi ya zama ɗakin karatu, suka gina sabon masallaci kusa da shi da tubalin ƙasa da aka matse da inji, aka kammala a 2018. Tun shekarun 1980 kuma ake koya wa magina a Nijar yin rufin baka da tulluwa da tubali zalla, ba azara ko ɗaya, saboda ƙarancin itace. Ba ɗaya cikin waɗannan da ya tsaya yana zaɓe tsakanin jiya da yau. Kowanne ya dubi rana da ruwa da aljihun mutanensa, ya ɗauki abin da zai yi aiki.

Mu ma a ƙarshe kusan haka muka yi, gwargwadon ƙarfinmu. Da rani ya shiga, aka tona harsashi aka yi shi da dutse da siminti har zuwa gwiwa, daga nan zuwa sama tubali. Aka ɓamɓare simintin da na shafa. Rufin ƙasa ya zauna, aka ɗora masa rumfar kwano mai faɗin baki daga sama. Na je wajen maƙwabcinmu da goro, muka yi magana ta fahimta, muka haɗa kuɗi aka fitar da magudana ta bi lungu. Kududdufi dai ya tafi, wannan ya fi ƙarfin gida biyu, kuma har yanzu ina jin tsoronsa duk lokacin da gabas ta yi baƙi.

Ba zan ce na kayar da Yaya ba, domin rabin abin da aka yi shawararsa ce, kuɗin kuma kusan duk nasa ne. Ba zan kuma ce kowa ya yi irin namu ba. Wanda ba shi da mai hawa masa rufi, ko gidansa na cikin kwari, wataƙila bulo ne ya fi masa, ko ma tashi daga wurin. Abin da na ƙi yarda da shi kawai shi ne a ce akwai ginin da zai ɗauke wa mutum nauyin dubawa. Siminti ma yana tsufa, ƙarfen cikinsa na tsatsa, sai dai shi yakan yi shiru har ranar da abin ya fi ƙarfin gyara.

Da aka gama aikin, na tambayi Inna ko ɗakin ya yi mata. Ta ce ya yi, ta sa albarka. Sannan ta tambaya, "Wannan ma sai an riƙa yi masa yaɓe?" Na ce e, daga gwiwa zuwa sama, kowace shekara. Na zaci za ta yi tsaki. Sai ta ce, "To madalla. Ka gaya wa wancan na Kwatano." Ba ta kama sunan Yaya, ɗan fari ne. Shekararsa biyar rabonsa da gida.

Mun yi da shi cewa shekara ɗaya ni, shekara ɗaya shi. Bana ni na je, na tafi da ɗana mai shekara tara, wanda bai taɓa taka laka da gangan ba. Na cire takalmi na hau rufin. Gaskiya tafin ƙafata bai gaya mini komai ba, sai da tsohon maginin ya riƙa nuna mini da sanda daga ƙasa. Baɗi layin Yaya ne. Ya ce zai zo, Inna kuma ta riga ta fara tara masa ɓawon ɗorawa a bayan rumbu. Allah ya kai mu, ya ba mu damina mai albarka.